Yadda nake duba lambar injin tsohuwar mota kafin a yi ciniki

Ka je da sassafe, tun ba a tayar da motar ba. Inji mai zafi ba ya barin hannu ya shiga lungu, kuma lambar da kake nema a lungu take. A jakata akwai kananzir a ƙaramar kwalba, tsohon burushin haƙori, tsumma, alli, fensir, farar takarda, tocila, reza da ɗan maganaɗisu. Samfefa kuwa ka bar ta a gida. Yaro ɗaya ya taɓa "taimaka" mini da ita, kafin in juyo ya goge shaidar da ta kwana hamsin na shekaru a jikin ƙarfe.

Sama da shekara talatin ina aikin fita, wato kanikanci, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi ta ƙasar Gana, daga unguwar Aboabo nake zuwa kullum. Mu nan canza inji ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Mota ta gaji, a samo wani a ɗora, mai ita ya koma hanya. Sai da 'yan boga, wato mutanenmu mazauna Turai, suka fara dawowa daga Jamus da Ingila suna neman tsofaffin motocin ƙawa masu kujera biyu, sannan muka gane cewa a can kuɗin irin wannan mota yana rataye ne a kan tambaya guda: injin da ke ciki shi ne wanda kamfani ya sa mata ranar da ta fito?

Zan yi bayani da Marsandi W113, wadda ake kira Pagoda, don ita na fi taɓawa. Mercedes-Benz ya ƙera ta daga 1963 zuwa 1971, iri uku: 230SL, 250SL da 280SL.

Da lambar shasi ake farawa, ba da inji ba. Akwai faranti da aka kafe da ribit, amma faranti kowa na iya cire shi ya kai wata mota. Ka nemi wadda aka buga a jikin ƙarfen kansa, a kan ƙashin shasi na gaba ta dama, cikin ɗakin inji. Lambobi shida na farko su ne sunan motar: 113.042 ita ce 230SL, 113.043 ita ce 250SL, 113.044 kuma 280SL. Rubutun da ke manne a bayan but ba shaida ba ne, da sukudireba ake sauya shi. Ita 250SL guda 5,196 kacal aka yi, don haka duk wanda ya ce maka ita ce yake sayarwa, ka ƙara buɗe ido.

Lambobi biyun da ke biye su suka fi ba ni labari a ƙasar nan. 10 na nufin sitiyari a hagu da giyar hannu, 12 hagu da giya mai canza kanta, 20 sitiyari a dama da giyar hannu, 22 dama da mai canza kanta. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, lokacin da ake ta shelar "nifa, nifa" a rediyo, wato "dama, dama" da yaren Asante. Kafin nan yawancin motocinmu masu sitiyari a dama ne. To in ka ga 20 a shasi, ga kuma sitiyari a hagu, an juya motar ke nan. Ka leƙa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, za ka tarar da tsofaffin ramuka an like su da walda ko fila. Wannan ba zamba ba ce, tarihin ƙasa ne, amma motar ba yadda ta fito take ba, kuma farashi ya kamata ya san da haka.

Yanzu inji. A Pagoda lambar tana gefen hagu na bulok, dab da inda tof silinda ya zauna. Hagu nake nufi in kana zaune a kujerar mota kana kallon gaba. Ka jiƙa wurin da kananzir, ka bar shi ya sha, ka goge da burushi a hankali. Kada ka haska tocila kai tsaye, ka kwantar da ita ta gefe har haske ya bi fuskar ƙarfen, inuwa ta faɗa cikin kowane harafi. Ka ɗauki hoto haka sau uku ko huɗu. Sannan ka shafa alli, ka share na sama da yatsa, wanda ya rage a cikin ramin zai fito da lambar fes. In wurin ya ba da hannu, ka ɗora takarda ka murza fensir a kai. Ka rubuta abin da idonka ya gani, ba abin da mai mota yake karanto maka daga takarda ba.

Injin 230SL yana farawa da 127.981, na 250SL da 129.982, na 280SL da 130.983. Nan ne aka fi faɗawa rami, domin manyan Marsandi na gida na wancan zamani suna da injin da ya yi kama da wannan kamar an tsaga kara, kuma yana zama daram. Na 280SE yana farawa da 130.980. Bambancin lamba ɗaya ne a ƙarshe.

Wani Alhaji mai harkar goro ya taɓa ɗaukata mu je duba wata a bayan gari. Ta mahaifin mai sayarwa ce, ta daɗe a ƙarƙashin tamfol. Shasi ya ce 113.044, lambar tsakiya 20, sitiyari a hagu. Inji ya ce 130.980. Na ce, "Alhaji, jikin nata ne, zuciyar kuma ta yayarta ce." Ya ce, "Masta, tana tashi?" Na ce tana tashi. Mai sayarwa bai ma san an taɓa canzawa ba, yana makaranta aka yi aikin. Alhaji ya saya, amma da kuɗin mota mai injin aro, kowa ya tashi da farin ciki.

Wadda ke ɓata mini rai ita ce wadda aka yi wa kwaskwarima. Lambar da ta yi daidai ba ita ce ƙarshen bincike ba, domin ƙarfen buga lamba ana sayar da shi a kasuwa, guduma kuma kowa na da ita. Don haka bayan ka karanta lambar, ka manta da ita, ka duba filin da take zaune a kai. Injin kamfani ne ya shafe wannan fili, yana barin siraran layuka masu tsari iri ɗaya. Girandi yana barin zane mai lanƙwasa a hargitse, samfefa kuma ta bar wurin sumul yana ƙyalli fiye da maƙwabtansa. Ka tsayar da reza a kan filin, ka haska ta baya. In haske ya ratsa ta tsakiya, an ci ƙarfe a wurin. Ka lura da tsatsa ma: bulok duka ya yi baƙi da tsufa, cikin haruffa kuma fari tas kamar jiya aka haife su? Biri ya yi kama da mutum.

Sai siffar lambobin. Kowane kamfani da irin hannunsa, yadda 1 yake da ƙugiya, yadda 3 da 7 suke karyewa. Ba a koyon wannan da baki. Ka shiga wajen masu yanka motoci a Magazine, ko Abossey Okai in kana Ankara, ka samu matattun injunan Marsandi na shekarun nan waɗanda ba wanda ya damu ya taɓa lambarsu, ka ɗauki hotonsu ka ajiye. Su ne ma'auninka. Kuma kada ka ce sai layi ya miƙe sak. Mutum ne ya buga a kamfani, wata lambar takan ɗan karkace ko ta fi wata zurfi. Ni wadda ta cika kyau ce ma take sa ni tsayawa.

In ka tarar wurin fili ne ba komai, kada ka yi saurin kiran mutum ɓarawo. Bulok na canji da kamfani ke sayarwa yakan zo babu lambar asali. Asid da ake zubawa don tono lambar da aka goge kuwa aikin masu binciken 'yan sanda ne, yana cin ƙarfe, ba na taɓa shi a motar mutane.

Duk wannan shaidar ƙarfe ce, saura ta takarda. A Marsandi lambar inji da ta shasi ba iri ɗaya ba ne, ba yadda za ka haɗa su da ido. Kamfani ya ajiye wa kowace mota katin haihuwa da Jamusawa ke kira Datenkarte, kuma sashen Mercedes-Benz Classic yana ba da kwafinsa ga wanda ya nuna shaidar mallaka. Mai sayarwa ne zai nema ke nan, kuma wanda ya ƙi, ka tambaye shi dalili. A katin akwai lambar inji, ta giyabos, ta fenti da ta kujeru. Fenti 050 fari ne, 040 baƙi, 180 ruwan azurfa. In kati ya ce 050 ga mota ja a gabanka, ka ɗaga kafet ko ka leƙa bayan dashbod, farin yana nan a ɓoye. Takardun DVLA, hukumar rajistar motoci ta Gana, suna da amfaninsu wajen mallaka, amma abin da aka gani ranar rajista suka rubuta, ba abin da ya fito daga Jamus ba.

Jiki ma yana magana. A gefen ciki na madigadin gaba, in ka ɗaga bonet, akwai jerin ɗige-ɗigen walda na kamfani, kusa da fitilun gaba kuma akwai 'yar tsaga ƙarama a kowane gefe. Fanalbita in ya canza madigadi ko ya cika fila, yawanci waɗannan sukan ɓace. Maganaɗisu zai nuna maka inda fila ta yi kauri, sai dai ka sani bonet, murfin but da fatar ƙofofin Pagoda na alminiyam ne. Na ga wanda ya kusa fasa ciniki don maganaɗisunsa ya ƙi kama ƙofa.

Motocin Ingila kowace da halinta. Jaguar E-Type, da ta fito a 1961, lambar injinta tana kan bulok sama da filtar mai, na farko-farkon kuma an maimaita ta a gaban tof silinda, sai ka duba ko biyun sun yarda da juna. Mai lita 3.8 da R take farawa, mai 4.2 na farko da 7E, 8 ko 9 da ke ƙarshe kuma ƙarfin matsin inji ne. Jaguar Daimler Heritage Trust ke ba da takardarta. MGB, da aka yi a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, ta fi ba da wahala, don lambarta a kan ɗan farantin alminiyam take da ribit biyu, 18G a na farko, 18V a na baya. In an dafa bulok a ruwan soda wajen wanki, farantin narkewa yake. MGB marar faranti ba abin mamaki ba ce, mai sabon faranti da sababbin ribit ita ke buƙatar bayani. Takardarta daga gidan tarihin motoci na Gaydon ake samu.

Ina da littafi mai baƙin bango a akwatin kayan aiki. Kowace mota shafi guda: rana, inda na gan ta, lambar shasi, ta inji, ta giyabos, sannan takardar da na murza wa fensir a manne a ƙasa. Tsofaffin motocin ƙawa a Gana ba su da yawa, hannu kawai suke sauyawa. Bara aka kira ni duba wata farar 280SL, ina karanta shasi na ji kamar na san ta. Da na koma shago na buɗe littafi, ga ta nan shekara tara baya, da inji 130.980. A wannan karon 130.983 ne a jikinta, filin lambar yana ƙyalli, reza kuma ta bar haske ya wuce ta tsakiya. Na kira mai saye na ce ya zo shago bayan la'asar ya ga shafin da idonsa.