Kurakuran da ɗalibanmu suke tafkawa wajen sayen mashin a Indiya, da yadda za ka kauce musu

Duk shekara idan sabbin ɗalibai suka sauka, ba a rufa wata biyu sai wani ya kira ni, Yaya don Allah ka raka ni in sayi mashin. Kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya zauna a Greater Noida, kusa da Delhi, ya san garin, tituna maka-maka, komai nesa yake da komai, daga gida zuwa makaranta zuwa Pari Chowk zuwa masallacin Juma'a kullum kana cikin ciniki da masu adaidaita, su kuma da sun ga baƙo ne kuɗi ya ninka. Toh dole mutum ya fara tunanin abin hawa. Ni mashin uku na riƙe a shekara huɗu, na farkon asara ce zalla, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Babban kuskuren, wanda ya fi duk sauran, shi ne sayen mashin ɗin gado. Haka muke ce masa. Wani babban yaya ya gama karatu zai koma gida, yana da Activa, roba-roba ta kamfanin Honda, ya ce kawo kaza ka ɗauka, ka ba shi kuɗi ya miƙo maka makulli da wani kati a leda shikenan an gama ciniki kamar a gida. Haka na yi. Sai bayan wata biyar ɗan sanda ya tare ni ya karɓi katin, wato RC, takardar rajistar mashin, ya kalli sunan ya kalle ni. Sunan wani Ba'indiye ne da ban taɓa gani ba, wanda ya sayar min bai san shi ba, wanda ya sayar wa wanda ya sayar min ma ya bar ƙasar tun shekara uku. A idon hukuma mashin ɗin ba nawa ba ne, ni kawai mai hawa ne. Ranar dai na samu na wuce bayan dogon surutu, amma da na tashi sayarwa babu Ba'indiyen da ya yarda ya taya, ƙarshe a kuɗin ƙarfe na rabu da shi.

Gyaran kuwa ba wuya, ƙiwa ce kawai take hana mu. Ka saya a hannun wanda sunansa ne a jikin RC, ka ga katin shaidarsa da idonka. Ku cike Form 29 da Form 30, su ne takardun sauya mai mallaka, ya sa hannu ka sa hannu, a kai ofishin RTO, shi ne ofishin rajistar ababen hawa. Kai kuma a matsayinka na baƙo ka tafi da fasfo, biza, takardar zamanka ta FRRO, wato ofishin rajistar baƙi, yarjejeniyar hayar gida da wasiƙar makaranta, da hotuna, ka yi kwafi da yawa don mutanen nan suna son takarda kamar me. Kafin ma ka kai nan, ka zuba lambar mashin ɗin a manhajar mParivahan, za ta nuna maka shekarar rajista da ranar ƙarewar inshora, sannan ka duba ko akwai calan a kansa, wato tarar da kamara ko ɗan sanda ya rubuta ba a biya ba, don wani mashin ɗin yana ɗauke da tarar da ta kai rabin kuɗinsa kuma ba za a sauya suna ba sai an biya. Ka tsuguna ka gwada lambar cesis da lambar inji da abin da ke jikin katin, harafi da harafi. Idan ka ga sunan banki a jikin RC, toh bashi aka ci aka saye shi, sai mai shi ya kawo Form 35 da wasiƙar banki cewa ya gama biya. Idan ya ce ai an gama tuni takardar ce ta ɓata, ka ce Allah ya kawo kasuwa ka yi gaba. Inshorar ma a mayar da ita sunanka cikin kwana 14.

Sai maganar lamba, wadda yaranmu ba sa ko kallo. Haruffa biyun farko jiha ce. UP16 ta Noida ce, DL Delhi, HR Haryana, KA Karnataka. Ka ga mashin mai araha da lambar wata jiha, arahar tana da dalili, don sai an karɓo Form 28 daga RTO ɗin can, kuma idan abin hawa ya wuce wata 12 a wata jiha doka ta ce a sake masa rajista a biya haraji. Kai da ka zo karatu ina kake da lokacin wannan zirga-zirgar. Ka sayi mai lambar inda kake zaune kawai. Sannan rajistar shekara 15 take yi, a yankin Delhi kuma mai fetur da ya haura shekara 15 damuwa ce, saboda haka mashin ɗan shekara 12 ko 13 ko kyauta-kyauta aka saka shi ka lissafa shekarun da suka rage maka da waɗanda suka rage masa.

Yanzu kuɗi. Idan sabo za ka saya, kuɗin da ka gani a talla kuɗin shago ne, ba shi ne za ka biya ba. Sabuwar Activa za ka ga an rubuta daga wajen rupi dubu 75 zuwa sama ya danganta da samfuri da gari, amma kafin ta taka titi sai an ɗora harajin hanya da rajista da inshora, kuma tun 2018 sabon mashin sai da inshorar ɓangare na uku, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta shekara biyar. Ka tambayi jimillar kuɗin har ya hau titi, a rubuce, layi-layi, a nan za ka ga sun cusa maka ƙarafan kariya da rigar kujera da wani ƙarin garanti da ba ka nema ba, ka ce a cire. A Satumbar 2025 an rage harajin GST na mashinan da ba su wuce 350cc ba daga kashi 28 zuwa 18, wato sabo ya sauko, don haka mai na hannu da yake ta kafa maka hujja da kuɗin da ya saya a da, ka tuna masa.

Wani kuskuren kuma namu ne na kanmu, juya komai zuwa naira. Mutum ya ji rupi dubu 45 ya buga a waya ya ce kai, ai a Kano ko rabin Boxer ba za ta saya ba, sai ya biya ba tayi. Ba da kasuwar Kano za ka auna ba, da kasuwar garin za ka auna. Ka buɗe OLX, manhajar saye da sayar da kayan hannu, ka duba irin mashin ɗin, shekara ɗaya, guda goma, ka ga tsakiyar kuɗin. In za ka je wajen dillalai irin na Karol Bagh a Delhi ka tafi da abokinka Ba'indiye, shi ya yi magana kai ka tsaya gefe kamar ɗan rakiya, wallahi na ga bambancin dubu takwas a kan mashin ɗaya tsakanin bakina da nasa. Indiyancin fim ɗin da muka taso da shi yana sa su dariya amma ba ya rage ko rupi ɗaya.

Tunda na ambaci Boxer, kar ka ɓata lokacin nemanta. Eh Bajaj kamfanin Indiya ne, a can ake ƙera ta, amma kusan duk fitar da ita ake yi irin ƙasashenmu, a titin Indiya Splendor ce da Activa suka cika ko'ina. Kuma abin da ya cika titi shi za ka saya: Activa, TVS Jupiter, Suzuki Access, ko Hero Splendor in kana son mai giya. Kowane bakanike ya san su, kayan gyara a kowane lungu, ranar tafiya kuma cikin sati ka sayar. Na san wasu suna raina roba-roba wai ta mata ce, a nan alhazan gari da malaman jami'a ita suke hawa. Masu son Royal Enfield saboda ƙarar salansa da hoto a Instagram, ban hana ku ba, amma nauyi gare ta, shan mai gare ta, sabis ɗinta ma ba irin na ɗalibi ba ne.

A OLX ɗin akwai wata damfara da ta tsufa amma har yanzu tana cin mutane. Mashin fes, kuɗi rabi, mai shi ya ce shi soja ne an yi masa canjin wajen aiki, ya turo maka hotonsa da kaki har da katin aiki, ya ce ka turo kafin alƙalami ko kuɗin mota a kawo maka har gida. Babu soja babu mashin. Wani kuma idan kai ne mai sayarwa zai turo maka QR ya ce ka sikanin kuɗi su shigo, alhali sikanin da sa lambar sirri fitar da kuɗi yake yi. Abin da ba ka taɓa da hannunka ba kar ka biya ko sisi.

Wajen duba na hannu, ka je da sassafe kafin a tayar da shi, ka taɓa injin ka ji da sanyi, don mashin mai matsala idan ya yi zafi lafiya lau yake tashi. Ka kalli salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne. Kar ka yarda da mita, ana mayar da ita baya, ka kalli robar hannu da inda ake taka ƙafa da kujera, su ba sa ƙarya. Ka hau ka ɗan sassauta hannu a miƙaƙƙen titi ka ji ko yana ja gefe. Daga Afrilun 2020 sabbin mashina BS6 ne, wato sabon ma'aunin hayaƙi, yawanci ba kafireta, injekta ne, ba kowane mai gyaran bakin titi ne zai taɓa maka ba. Sannan fetur ɗin yanzu E20 ne, kashi 20 ɗinsa itanol, waɗanda aka ƙera daga 2023 an yi su don shi, tsofaffin kuma sai ka riƙa lura da robobin layin mai.

Lasisi. A nan ne kowa yake cewa ai ni tun ina firamare nake hawa mashin. Ɗan sanda bai tambaye ka tarihi ba. Tun gyaran dokar 2019 tuƙi ba lasisi rupi 5,000 ne, ba inshora 2,000, ba hular kwano 1,000, goyon mutum biyu a baya irin namu na gida 1,000, rashin PUC kuwa, takardar gwajin hayaƙi da ake yi a gidan mai cikin minti biyar da kuɗi kaɗan, a Delhi tararsa 10,000 ce. Abin da ya fi tarar muni, idan ka yi hatsari ba lasisi kamfanin inshora zai zame, kai baƙo, ga asibiti ga 'yan sanda ga biza. Lasisinka na gida na mota, ajin B, ba na mashin ba ne. Ka nemi na koyo a RTO, bayan kwana 30 ka yi gwaji ka karɓi na dindindin, kuma ka nemi na mai giya don ya haɗa duka biyun, na marar giya roba-roba kawai ya ba ka. Hula ka sayi mai tambarin ISI, alamar ingancin kaya ta Indiya, ka ɗaure igiyar, ta ɗan goyo ma haka. Kuma hannun hagu ake bi, mu a Najeriya tun 1972 muka koma dama, saboda haka satin farko a shataletale da kwana hannunka zai riƙa kai ka inda ba nan ba, ka fara da unguwa da safe. Wasu manyan titunan ma an hana masu ƙafa biyu hawa, irin na Delhi zuwa Meerut da Mumbai zuwa Pune, Google Maps kuma in ba ka zaɓi hanyar mashin a cikinsa ba can zai tura ka.

Kula da shi ba wani abu ba ne mai yawa amma a nan ma muna da namu. Juye a kan lokaci, kuma ba kowane baƙin mai ba, roba-roba mai alamar MB take so, mai giya kuma MA saboda kulocinsa a cikin mai yake, ka sa masa na roba-roba kuloci ya fara zamewa. Activa mai lamba 10W-30 take sha. Ka tsaya a buɗe galan a gabanka. A roba-roba akwai man giya na baya ɗan kaɗan da kowa yake mantawa, akwai bel da yake ja maimakon kaca, in ka ji tana karkarwa wajen tashi a buɗe a share a duba. Filtar iskarta ba a wankewa ba a hurawa, canzawa ake yi, kuma da ƙurar Delhi ba ta kai lokacin da littafi ya ce. Iskar tayar Activa 22 a gaba, 29 a baya in kai kaɗai ne, 36 da goyo, masu faci kuwa in ba ka faɗa ba dankara maka za su yi. Da damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, kar ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, tayar ƙarama ce, in kuma ta mutu a cikin ruwa kar ka danna sitata, tura ta za ka yi, wani ƙanenmu dannawa uku ya yi sai da aka sauke inji. In za ka tafi hutu gida wata biyu ka cire kan batir, ka ɗora ta a babban jak, ka rufe, ko ka bar wa wani amintacce ya riƙa tayarwa.

Aro kuma, hmm. Mu da kunya, ɗan uwa ya ce ba ni makulli in je in dawo ba ka iya cewa a'a. Kamara lamba take ɗauka ba fuska ba, calan sunanka zai zo, kuma ba wa marar lasisi mashin laifi ne a kan mai mashin ɗin shi ma. Masu tunanin yin acaɓa ko kai abinci da shi su tuna bizar karatu ba ta ba da izinin aiki ba, farar lamba kuma ta hawan kai ce.

Ranar tafiya kar ka yi wa wani abin da aka yi min. Ka saka shi a kasuwa wata biyu kafin jirginka, ba sati ɗaya ba lokacin da kowa ya san a matse kake, ku je RTO tare da mai saye, ka riƙe kwafin Form 29 da 30 da rasit mai kwanan wata da sa hannunsa. Tawa ta ƙarshe wani mai shagon waya ne ya saya, sai da na ga sunansa ya fito a mParivahan ana saura kwana tara in tashi, sannan na cire hular daga ƙarƙashin kujera na ba ƙanen da ya raka ni.