Yadda Ake Adana Gwangwanin Hodar Yaƙin Boma

A ƙasan adakar kakata, a ƙauyenmu kusa da Ringim, na tsinci gwangwanin hoda na tagulla mai madubi, an zana taswirar Indiya a murfinsa. Kakanmu ne ya kawo mata tsaraba da ya dawo daga yaƙin Boma a 1946. Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka bi ta Indiya kafin su gwabza da Japan. Idan akwai irinsa a gidanku, ga abin da na koya.

Kada ki goge shi da toka ko lemon tsami kamar tasa. Ni na yi, kuma har yau ina nadama, don rabin zanen ya tafi. Dushewar da tagullar ta yi ita ce shaidar shekarunsa, masu tara kayan tarihi ma ita suke dubawa. Busasshen tsumma mai laushi ya isa.

Buɗe shi a hankali, kada ki ɓamɓara da wuƙa. Tsohuwar hodar ki kakkaɓe da gashin kaza, amma ki bar 'yar rariyar hodar da audugar shafa ta a ciki. Ruwa kuwa kada ya kusanci madubin. Da ya ratsa bayansa sai ya yi baƙi.

Duba ciki da gindi ko akwai tambarin kamfani, kamar Stratton na Ingila, ko lambar soja.

Sannan ki naɗe shi a farin ƙyalle, nesa da laimar damina. Ki zauna da tsofaffin gida, ki rubuta wanda ya kawo shi da shekarar, ki ajiye takardar tare da shi.