Kafin ki ce wa mai kaya ta dawo ranar Alhamis

Wannan rubutu na 'yan matan da suka gama koyon ɗinki ne, an yaye su, an saya musu keke, suna shirin kama shago ko su kafa keken a zauren gida. Ni tela ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, a unguwar Yalwa. Cikin yaran da suka fita daga hannuna akwai waɗanda suka fi ni samu yanzu, akwai kuma waɗanda kekensu yana can ƙuryar ɗaki an lulluɓe shi da zane. Na daɗe ina lura da su duka. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu ba lallai su ne suka fi iya yanka ba. Abin da ya raba su da sauran shi ne, in suka ce wa mace kayanta na nan ranar Alhamis, to ranar Alhamis za ta zo ta tarar an goge an ninke. Kuma 'yata, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ta cika alkawari a wannan sana'a. Da lissafi ake cika shi, shi ne zan nuna miki.

Ki fara da sanin ƙarfin hannunki. Ki ware mako biyu na kwanakin da ba na rububi ba, kowane dare ki rubuta kaya nawa suka fita daga hannunki a gama. A gama nake nufi: an sa zif, an ɗaura maɓalli, an yanke zaren da ke reto, an goge. Rigar da ta rage kalmasa ba ta shiga ƙidaya. In mako biyun sun cika, kada ki ɗauki ranar da kika fi kowace ƙoƙari ki ce ita ce ma'auninki. Ki duba ranakun da suka fi yawa, na tsaka-tsaki. Daga nan ki rage, domin a kowane mako akwai abin da zai ci miki yini: suna, ta'aziyya, zazzaɓin yaro, ɗauke wuta. A ce hannunki yana iya fitar da kaya 12 a mako, to alkawarin 9 za ki ɗauka. Gurbin ukun nan da kika bari shi ne zai cece ki ranar da allura ta karye ko aka yi rasuwa a maƙwabta.

Sai littafi. Na 'yan makaranta mai kauri ya isa. Kowace mai kaya ki ba ta shafinta: sunanta, awonta, irin ɗinkin da ta zaɓa, kuɗin da kuka daidaita, kafin alƙalamin da ta bayar, cikon da ya rage, da ranar karɓa. Ki yanki ɗan ƙyalle daga bakin atamfarta ki maƙala a shafin, don a lokacin rububi za ki tarar da mata biyar sun kawo zane iri ɗaya. Ki auna yadin a gabanta kafin ta tashi. Turmin atamfa yadi 6 ne, in nata bai cika ba gara ta gani da idonta tun ranar. In kin gama rubutawa ki karanta mata da ƙarfi ta ji, ko da ita ma ta iya karatu. Wasu suna ganin rubuta irin wannan kamar rashin yarda ne da mutum. Ni kuwa nakan tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ranar karɓa kuma ki mayar mata da ragowar ƙyallenta komai ƙanƙantarsa, sai in ita ta ce ta bar miki.

Ban da littafin, ki rataye kalanda a bango inda kowa zai gani. Duk alkawarin da kika ɗauka ki ja layi a ranarsa. In layukan mako sun kai adadin da kika yanka wa kanki, makon ya rufe. Kafin ki buɗe baki ki faɗi rana, ki tashi ki duba bangon, ko da kina ganin kin haddace.

Abin da ya fi wuya shi ne mayar da kaya, kuma a nan ne yawancin sabbin teloli ke faɗuwa. Kin kama shago, kuɗin haya na jiranki, ga mace ta shigo da shadda mai tsada da kuɗi a hannu, tana so jibi. Zuciyarki za ta ce ki karɓa, Allah zai kawo mafita. Kada ki karɓa. Ki tarbe ta da fara'a, ki ba ta kujera da ruwa, ki ce: “Hajiya, wallahi ina son aikin nan, amma jibi ba zai samu a hannuna ba. In za ki iya haƙuri zuwa Laraba ta sama, zan yi miki shi yadda za ki ji daɗi. In kuwa bikin ya matso, bari in haɗa ki da wadda na yarda da hannunta.” Sai ki tura ta wajen abokiyar sana'arki ta gari da gaske, ba wadda kika san za ta ɓata ba. Za ki ji zafin kuɗin da ya wuce ki ranar. Amma Hajiyar ta tafi da sanin cewa bakinki ɗaya ne, kuma mata suna ba juna labarin tela a gidan biki fiye da yadda kike zato. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ki san shekararki kuma, domin aikinmu a nan Kamaru yana da lokutansa, kuma yawancinsu ba sa canzawa. Farkon Satumba ake komawa makaranta, don haka tun Agusta kayan makaranta ke shigowa. Ranar 5 ga Oktoba ta malamai ce, suna da atamfarsu. Disamba akwai Kirsimeti da sabuwar shekara, maƙwabtanmu Kirista suna ɗinki sosai. Da rani, in an ɗebe auduga kuɗin kamfanin auduga na Sodecoton ya shiga hannun manoma, sai bukukuwan aure su yawaita, matan ƙauye su shigo gari da turame. Ranar 11 ga Fabrairu ta matasa ce, sai 8 ga Maris, ranar mata, wadda atamfarta kan cika kowane shago a garin nan, sannan 1 ga Mayu ta ma'aikata da 20 ga Mayu ta bikin ƙasa. Waɗannan duk suna zaune a inda suke. Sallah ce ke tafiya, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Shi ya sa a 2025 da 2026 ranar 8 ga Maris ta faɗo cikin azumi, ɗinkin ranar mata ya haɗu da na ƙaramar Sallah, ga zafin Maris, ga ƙishirwa. Wadda ta duba kalanda tun Janairu ta san da zuwan wannan, ta kira masu ɗinkinta na kullum ta ce su kawo kayan Sallah tun watan Sha'aban. A kowace shekara ki sa ranar rufe karɓar ɗinkin Sallah, ki rubuta ki manna a ƙofa. Ni ba na wuce goma ga azumi. Goman ƙarshe ma tana da haƙƙi a kanki, bai kamata ki kwana kan keke har asuba kina ɗinka abin da kika san ba zai gamu ba.

Sanin lokutan yana taimakonki wajen sayayya. Zare, zif, maɓalli, leshin ado da yadin shafi duk suna tsada in rububi ya zo, wani launin ma ya ɓace a kasuwa. Ki saye su wata guda kafin lokaci. Kaya da yawa daga Najeriya suke shigo mana, daga Kantin Kwari na Kano, ta Yola ko ta Mubi, kuma tun 2023 canjin naira bai zauna wuri ɗaya ba. In za ki ba da saƙo a sayo miki, ki tambayi canjin ranar, kada ki yi lissafi da na watan jiya.

Yanzu maganar kuɗi. Kafin alƙalami ba naki ba ne tukuna. Amana ce a hannunki har ranar da kayan suka fita. Ki karɓi rabi, ki sayi abin da ɗinkin yake bukata daga ciki, sauran ki ajiye. Wadda ta cinye kafin alƙalami a cefane, in ta zo kan ɗinkin sai ta ji kamar aikin banza take yi, sai ta ture shi gefe ta kama sabon da ya zo da kuɗi. Haka kaya ke taruwa a buhu wata da watanni, har mai shi ta zo da rigima.

In an biya ki cikon, ki raba kuɗin tun ranar. A ce ɗinkin sefa 5,000 ne. Ki fara cire abin da kika kashe a kansa, zare da zif da shafi da gawayin guga, ki mayar cikin jari. Ki cire rabon shago: haya, wuta, haraji, gyaran keke. Abin da ya rage shi ne ladan hannunki, a cikinsa ma ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa kai wa gida kowane mako, adadi ɗaya, ko an samu da yawa ko kaɗan. Rarar makon Sallah ita za ta ciyar da ke a Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya sauka, kuɗin mutane ya tafi gona, shago ya yi shiru. Kuɗin jari kada ya kwana a haɓar zanenki. Ki sa shi a Orange Money ko MTN Mobile Money, a layin da ba shi kike kira da shi ba, don kuɗin da sai kin taka zuwa wajen mai cirewa ya fi wanda ke cikin jaka daɗewa. Adashi yana da kyau, amma ki shiga wanda za ki iya zubinsa a watan da ya fi kowane tsanani, kuma tun kafin kwasarki ta zo ki san abin da za ki saya da ita. In keken lantarki ne burinki, madalla, sai dai kada ki sayar da na ƙafa, kada ki yar da dutsen guga na gawayi. Ranar da babu wuta su ne za su fitar da ke kunya.

Dangi kuwa sai an yi dabara. Goggonki za ta kawo zane, 'yar ƙanwar babanki za ta kawo, kuma ba za ki iya buɗe baki ki ce su biya kamar baƙi ba. Bai ma kamata ba, suna da haƙƙi a kanki. Abin da nake yi shi ne, ina ware gurbi ɗaya a mako don ɗinkin zumunci, in rubuta shi a kalanda kamar kowane aiki, in kuma faɗa da bakina cewa kyauta ce. Wanda ya wuce wannan, nakan ce: “Goggo, aikin hannu na bar miki, amma kuɗin zare da shafi ki taimaka mini da shi, na jari ne.” Ban taɓa ganin dattijuwar da ta ƙi jin wannan ba in aka faɗa mata cikin ladabi. Abin da ke ɓata zumunci shi ne ki karɓa kina murmushi, ki jefa a buhu, ta yi ta aiken yaro yana dawowa hannu biyu.

Ki kula da safiyarki. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, bayan azahar kai ba ya aiki yadda ya kamata. Yanka shi ne aikin da ba ya karɓar gyara, don haka ki yi shi da sanyin safiya, bayan asuba, kafin masu kaya su fara sallama. Kalmasa da ɗaura maɓalli su jira yamma. Waya kuma ki kife ta in kin ɗauki almakashi. Ki sa lokacin duba saƙonnin WhatsApp, sau biyu a yini ya isa. Kowace Juma'a ki share gashin yadi daga cikin keken ki ɗiga masa mai. Idonki ma jari ne, kada ki ɗinka baƙin yadi da dare a hasken da bai isa ba.

Damina da na ce shago kan yi shiru, lokacin koyo ne. Kowace shekara ki ƙara abu ɗaya a hannunki, ko surfani, ko ɗinkin yara maza, ko wani yankan hannun riga da kika gani ya burge ki. Ki sayi tsohuwar riga mai kyan yanka a gwanjo, ki farke ta a hankali ki ga yadda aka haɗa ta, ki gwada a yadi mai arha. Kada ki ji nauyin komawa wajen uwar ɗakinki ki ce, “Inna, wannan wuyan ya gagare ni.” Za ta ji daɗi, ba za ta raina ki ba.

Duk da wannan lissafi, wata rana za ki makara, domin ciwo da rasuwa ba sa sallama. In kin ga haka, kada ki jira mai kaya ta biya ɗan acaɓa ta zo ta tarar da yadinta ko yankawa ba a yi ba. Ki kira ta kwana biyu kafin ranar, ki faɗa mata gaskiyar inda aikin ya tsaya, ba tare da ɗora laifi kan wuta ko kan yaran shago ba. Ki ba ta sabuwar rana ɗaya wadda kika duba a kalanda kika tabbatar. In bikinta ba zai jira ba, ki mayar mata da yadinta da kafin alƙalaminta cif a ranar, ki kuma raka ta da kanki wajen wadda za ta iya gama mata a kan lokaci.