Ga mai son aikin bin diddigin kuɗin ma'adinai

Ƙanena da ya gama bautar ƙasa ya tambaye ni ta wace ƙofa ake shiga aikinmu na bin sawun kuɗin fetur da ma'adinai. Na ce masa ya jingine maganar takardar neman aiki tukuna. Shawarar da na ba shi ita zan ba ka.

Fara da sauke rahoton shekara ɗaya na NEITI, hukumar Najeriya mai sa ido kan kuɗin fetur da ma'adinai, ka karanta har ƙarshe, ko da zai ci maka mako biyu. Wannan hukuma, mai doka tun 2007, tana gwada abin da kamfanoni suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Inda lissafin biyu ya saɓa, nan gonarmu take.

Daga nan ka tsaya a jiharku. Ɗauki kamfani ɗaya mai lasisin haƙa, ka duba rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga su wane ne ainihin masu shi. In kana buƙatar wata takarda, rubuta wa hukumar da ke riƙe da ita bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa. Ka tabbata an buga wa kwafinka hatimi, ka adana shi.

Sai ka taka da ƙafarka. Ni abin da ya jawo ni aikin nan shi ne gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare cikin gidaje har yara fiye da 400 suka rasu. Zinaren ya fita, gubar ta zauna. Ka zauna da masu haƙa, ka gaida mai gari kafin komai, kuma kada ka shiga dajin da mutanen wurin suka ce kada ka shiga.

Akanta, lauya, ɗan jarida, masanin duwatsu, kowa na da gurbinsa a aikin nan, amma ka iya manhajar lissafi ta Excel sosai. Ƙungiyoyi irin su CISLAC da BudgIT a Najeriya, da ROTAB a Yamai, suna wannan aiki. Albashin galibi na kwantiragi ne, yakan tsaya idan tallafi ya ƙare.

Abin da ka gano game da kamfanin nan, rubuta shi a shafi biyu, ka kuma shirya bayaninsa da Hausa yadda za a iya karantawa a rediyo. Shi za ka riƙe a hannu ranar ganawar ɗaukar aiki.