Yadda Ake Duba Lafiyar Murjani da Soson Teku a Sanganeb

Sanganeb, wani zoben duwatsun murjani, na cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, arewa maso gabas da birnin Bur Sudan (Port Sudan). Tun 1990 gwamnati ta keɓe wurin, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tare da yankin tekun Dungonab. To amma mai son sanin ko murjanin na nan lafiya, dole ya nutsa ya ƙirga. Ni hanyar Reef Check nake bi, wadda aka fara aiki da ita a ƙasashe da dama a 1997, domin duk mai iya nutso zai iya koyonta.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo mai mita 100, allon roba da fensir, zare da aka ɗaura wa ɗan ƙarfe a baki, sai kyamara in da hali. Kada ka shiga kai kaɗai.

Ku shimfiɗa tef ɗin a zurfi ɗaya, ko tsakanin mita 2 zuwa 6, ko 6 zuwa 12. A raba shi gida huɗu, kowane mita 20, a bar ratar mita 5 a tsakani. Daga nan ku ja gefe na minti 15, kifayen da kuka kora su dawo. Kifi ake fara ƙirgawa, mita biyu da rabi dama, biyu da rabi hagu: najil (kifin da ake kira grouper) da danginsa da suka wuce santimita 30, harid (kifi mai baki kamar na aku) da ya wuce 20. Ƙarancinsu kan nuna ana kamun kifi a inda aka hana. Sai a bi bayansu da bushiyar teku, da tauraron teku mai ƙaya, wanda ke cinye murjani ya bar farin tabo.

Inda aikin yake shi ne ƙasa. Kowane rabin mita ka saki zaren, abin da ƙarfen ya taɓa shi za ka rubuta: murjani mai tauri, mai laushi, wanda ya mutu kwanan nan, soso, gansakuka, dutse, ɓaraguzai, yashi. Wurare 160 ke nan. Za ka ga ƙarfen ya sauka kan yashi alhali ga kyakkyawan murjani ɗan yatsa ɗaya a gefe, zuciyarka na cewa ka ɗan matsa. Kada ka matsa. Rubuta yashi. Wallahi in kowa na matsawa, rahoto zai ce komai lafiya har wurin ya lalace ba a sani ba.

Soso kuwa yawancin masu nutso wuce shi suke yi, abin na damuna. Dabba ce mai tace ruwa. Duba da kyau za ka ga ƙananan huji a jikinsa da babban baki da ruwa ke fita. Kaɗa ɗan ƙura kusa da bakin, za ka ga tana tashi sama. Akwai irin da ke huda dutsen murjani daga ciki kamar gara a azara, waje na nan kamar lafiya. In ya yawaita tare da gansakuka, a binciki dattin da ke shiga ruwa daga gari, musamman yanzu da Bur Sudan ta cika da jama'a tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023.

A bambanta fari da mutuwa. Murjanin da zafi ya sa ya yi fari fat na iya farfaɗowa in ruwa ya huce. Wanda gansakuka ta fara rufewa ya tafi. Zafin da ya ɗara na bazara da digiri ɗaya, in ya daɗe makonni, ya isa ya sa murjani ya yi fari, don haka a rubuta zafin ruwa kowace rana.

Kafin ku hau jirgi, ɗauki lambar GPS ta farkon layi da ƙarshensa, da hoton alamar da ke wurin. Baɗi a dawo nan ɗin, a watan nan, a zurfin nan, sannan a miƙa kwafin takardun ga hukumar da ke kula da wurin.