Kafin ka kai yaro makaranta a New Brunswick

Lambar aiki da katin asibiti da asusun banki ba abin tayar da hankali ba ne. Duk wanda ya sauka Moncton ko Fredericton, biranen lardin New Brunswick na Kanada, zai sami ɗan'uwan da zai raka shi, a nan kam jama'armu ba su da na biyu. Makarantar yara ce ke kayar da mu, kuma kowace shekara a rami ɗaya ake faɗawa.

A duk Kanada, wannan lardin kaɗai ne doka ta daidaita Turanci da Faransanci, tun 1969. Kada ka ɗauka kowace makaranta da harsuna biyu take koyarwa. Gida biyu ne: gundumomin ilimi huɗu na Turanci, uku na Faransanci, kowane ɓangare da manhajarsa. Yaro yana shiga ɓangaren harshen da ya iya. In ya iya duka biyun, ko bai iya ko ɗaya ba, iyaye ke zaɓa.

Akwai kuma shirin imashan a makarantun Turanci, inda ake koyar da yawancin darussa da Faransanci. Ƙofarsa biyu ce, aji ɗaya da aji shida. Mutanen Kano da Kaduna, da ku nake. Ka ji mutum yana cewa, "Me yarona zai yi da yaren Nijar?" Alhaji, je ka duba tallar aikin gwamnatin lardi ko na asibiti a Moncton, ka ga guraben da ke neman harshe biyu. In aji ɗaya ya wuce, sai jiran shekara biyar. Ku kuma 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Garwa, imashan ba na yaron da ya riga ya iya Faransanci ba ne, doka ta hana. Wani bawan Allah ya yi ta rantsuwa cewa wariya aka nuna wa 'yarsa, alhali makarantar Faransanci tana bayan gidansa, kuma kyauta.

To, takardu. Adireshinka ne ke yanke makarantar da yaro zai je, don haka ka san makarantar unguwa kafin ka sa hannu a takardar haya. Mai gida ba zai faɗa maka ba, kuɗinsa yake so. Ka tanadi takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon makarantar baya, takardar hayar, da izinin zamanku. Sannan ka zauna ka duba rubutun suna harafi bayan harafi. Fasfon 'yata ya ce Aisha, takardar haihuwa ta ce A'ishatu, katin rigakafi kuwa wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta Aishat da biro. Matar da ke ofis ta jera su a kan tebur, ta yi murmushi, ta ce yara uku take gani. Sai da na nemo takardar rantsuwa, yarinya na zaune a gida tana leƙen motar makaranta ta taga. Masu Mahamadou a wata takarda da Muhammad a wata, ku gyara tun kuna gida.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne "ba ruwana da siyasarsu". Imashan ɗin nan ƙwallon 'yan siyasa ne. A 2008 aka ɗage shigarsa zuwa aji uku, a 2017 aka dawo da shi aji ɗaya. A 2022 gwamnatin lardi ta Blaine Higgs ta so maye gurbinsa da tsarin rabin yini Turanci rabi Faransanci, har ministan ilimi Dominic Cardy ya ajiye aiki. Iyaye suka cika ɗakunan taro, ƙungiyar malaman Turanci ta ƙi amincewa, a Fabrairun 2023 aka janye. Mu nawa ne a ɗakunan nan?

Malamai suna da ƙungiya biyu, NBTA ta Turanci da AEFNB ta Faransanci, amma a maganar albashi tarayya ɗaya ke wakiltarsu. Kada ka ji "yajin aiki" ka tuno ASUU. Wanda ya rufe makarantu a ƙarshen 2021 ma na ƙungiyar ma'aikata ta CUPE ne, wato direbobin bas da masu shara da mataimakan aji, kuma ya ɗan haura mako biyu, karatu ya koma intanet. Gajere ne, amma ya ishi mai aikin awa-awa hasara. Haka ranar da dusar ƙanƙara ta yi yawa: da asuba saƙo zai shigo cewa babu makaranta. Ka shirya tun yanzu wanda zai riƙe maka yara, domin barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida na iya kawo maka jami'an kula da yara har ƙofa. Matanmu a Moncton karɓa-karɓa suke yi, ki tambaya a masallaci ranar Juma'a a sa ki a layi.