Kurakuran da masu koyon kujera da teburin kwalliya ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Yaro zai ga tebur a Instagram, katako gefe biyu an zuba rezin shuɗi a tsakiya (wato ruwan roban nan da ke daskarewa ya yi kamar gilashi), ko wata kujera mai lanƙwashe-lanƙwashe da ta fi kama da sassaƙa, washegari ya sayo kaya ya hau aiki, bayan wata uku kwastoma na ta kira yana masifa. Kuma yawanci dizain ɗin lafiyarsa lau, halin kayan da ya haɗa ne bai sani ba.

Babban ciwon shi ne ɗanyen katako. Wanda ake kawowa daga kudu ya sha danshi, ka taɓa shi a kasuwa ka ji kamar ya bushe, ai bayansa ne kawai, cikin yana nan da ruwansa. Ka yi aiki da damina komai tsaf, hunturu na shigowa iska ta bushe ƙayau sai katako ya fara tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Shi ko ƙarfe da rezin ba ruwansu da hunturu, suna nan yadda ka bar su, to dole wani ya saki, kuma katakon ne zai saki. Wannan ya taɓa cinye min riba har da uwar kuɗi, tebur ne na madaci na ɗaure shi tamau da noti a kan ƙafar ƙarfe, cikin Janairu ya tsage daga baki har tsakiya, tsagar da makullin mota ke shigewa. Mai shi ko faɗa bai yi ba, cewa ya yi in turo a ɗauki kayana, wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Abin da nake yi yanzu, in na sayo katako sai in jera shi a inuwa, in sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, in shafe bakunan biyu da fenti ko kakin zuma saboda ta nan ruwa ke saurin fita ya jawo tsagewa. Tsohon lissafin kafintoci shekara guda ce ga kowane inci na kauri, a arewa ya kan fi haka sauri, amma ni dai katakon da bai ga hunturu a shagona ba ba na sa masa zarto. Ku sayi ƙaramar na'urar auna danshi, in ta nuna sama da 10 cikin 100 a haƙura. Ramin noti a jikin ƙarfe kuma ka ce wa mai walda ya yi shi dogo, kar ya yi zagaye, katako ya samu wurin motsi.

Sai rezin. Jama'a wannan abu da kansa yake yin zafi in an haɗa shi da mahaɗinsa, wato ruwan da ke sa shi daskarewa, yawansa yawan zafin. Bidiyon da kuke kallo a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25 aka yi shi, kai kuma kana cikin shagon kwano a Afrilu zafi ya haura 40, ka juye bokiti guda lokaci ɗaya, me kake jira in ba hayaƙi da fashewa ba? Akwai na shafe, akwai na zubi mai kauri, ba ɗaya ba ne, karanta jikin galan. In an ce biyu da ɗaya to biyu da ɗaya ne, ƙara mahaɗi ba ya sa shi saurin bushewa, danƙo zai bar maka. Ni bayan isha'i nake zubi, kaɗan-kaɗan, kuma sai na fara shafe katakon da siririn rezin ya bushe tukuna, in ba haka ba iskar cikinsa ta dinga fitowa tana kumfa. Ka rufe da leda saboda ƙura. Kar a ajiye teburin a rana, rezin ɗin rawaya yake komawa.

Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne raina masu sana'ar gargajiya. Ka gama zanenka a kwamfuta ka je ka miƙa wa dattijon da ya girmi babanka kana cewa Baba haka za ka yi min, ko tambayarsa ba ka yi ba ko abin zai yiwu. Haba! Je ka dubi kujerar Nufawa ta Bida, daga gungume ɗaya ake sassaƙe ta da ƙafafunta masu yawa, ba ƙusa ba gam, kana ganin mai wannan hannun bai san itace ba? Baduku ne zai gaya maka fatar da aka jeme da bagaruwa in ta haɗu da ƙusar ƙarfe ga danshi baƙi take yi a wurin, sai dai ƙusar tagulla. Masu zubin tukunyar alminiyom a cikin yashi su za su gaya maka siririn wuri ba ya cika, ƙarfen na daskarewa kafin ya kai. Nifemi Marcus-Bello, mai dizain ɗan Najeriya da ake ta yabon aikinsa a waje, ai da masu zubin alminiyom na Legas ya zauna suka yi. Ka fara zuwa da gaisuwa da tambaya, zane ya biyo baya, ka biya su da kyau, in ka sa hoto ka faɗi wanda ya yi.

Kaba a jiƙa ta kafin a lanƙwasa, in ba haka ba karyewa take. Kujera dai ta zama ce, tsayin mazauni wajen santimita 45, teburin cin abinci wajen 75, ka zauna a kai da kanka kafin ka shafa banish. Madobiya tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES (ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa) ta sa wa takunkumi, kar ka karɓi odar waje da ita kai tsaye. Ka rufe hanci in kana goge rezin da samfefa. Sannan don Allah ka auna ƙofar gidan kwastoma tun kafin ka haɗa tebur.